Zari-ruga: Ƙartin sahun gaba na zamanin da, da abin da taurinsu ya ci musu

A ranar 5 ga Yulin 1958, a birnin Brisbane na ƙasar Ostireliya, ba a cika minti biyar da fara wasa ba sai hannun dama na Alan Prescott, kyaftin ɗin tawagar Birtaniya, ya karye tsakanin gwiwar hannu da wuyan hannu. Dokar wancan lokaci ba ta yarda a canza ɗan wasa ba ko da karaya ya samu. Wanda ya fita ya fita ke nan, abokansa su ƙarasa a haka. Bayan ɗan lokaci wani abokin wasansa, Dave Bolton, shi ma ya karye a ƙashin kafaɗa, aka fitar da shi. Prescott ya duba ya ga idan shi ma ya fita saura mutum 11 za su fuskanci 13, sai ya tsaya. Da aka tafi hutun rabin lokaci likita ya shawarce shi kada ya koma, ya ƙi ji. Haka ya ƙarasa minti 80 hannu na reto, Birtaniya ta ci 25 da 18, sannan ta je Sydney ta ci wasa na uku 40 da 17 ta ɗauki kofin. Prescott bai sake sa rigar ƙasarsa ba daga wannan rana.

Duk inda tsofaffin masoya wannan wasa suka zauna a arewacin Ingila ko gabashin Ostireliya suna tuna baya, da wuya a tashi ba a ambaci wannan labari ba. Akan ba da shi ne a matsayin shaidar cewa mazan jiya sun fi na yau ƙashi. Sai dai wanda ya bi tarihin wasan a tsanake zai ga taurin nan yana da asali: dokokin wasa ne suka tilasta shi, tsarin biyan kuɗi ya raine shi, kuma jikin ma'aikata ne ya ɗauki nauyinsa.

Wane wasa ake nufi

Zari-ruga iri biyu ne. Akwai na 'yan wasa 15, wato Rugby Union, wanda Afirka ta Kudu ta yi suna a kansa. Akwai kuma na 'yan wasa 13, wato Rugby League, wanda shi ne batun wannan bayani. Cibiyarsa garuruwan masana'antu ne na Yorkshire da Lancashire da Cumbria a Ingila, sai jihohin New South Wales da Queensland a Ostireliya, da wani yanki na kudancin Faransa, da New Zealand, da Papua New Guinea inda ake ɗaukarsa wasan ƙasa. A Najeriya sabon shiga ne, ko da yake a 2019 ƙasar ta karɓi baƙuncin gasar yankin Afirka da Gabas ta Tsakiya a Legas, ta kuma ci.

Mai bin ƙwallon ƙafa idan ya ji an ce ɗan gaba, mai zura ƙwallo a raga yake kawowa a ransa. A zari-ruga ba haka abin yake ba. 'Yan sahun gaba su ne mutum shida masu lamba 8 zuwa 13, waɗanda aikinsu shi ne su rungumi ƙwallo su kutsa cikin jikin abokan hamayya, su kayar da duk wanda ya taso, su kuma sunkuya su haɗa kafaɗa a turereniyar da ake yi idan za a ci gaba da wasa bayan kuskure. Biyu daga cikinsu, masu lamba 8 da 10, su ne ginshiƙai, kuma su suka fi kowa nauyi. A tsakaninsu mai lamba 9 yake rataye da hannuwa a kafaɗunsu, yana ƙoƙarin ƙwaƙulo ƙwallo da ƙafa. Bayansu akwai mutum biyu na sahu na biyu, sai mai lamba 13 da ke rufe bayan turereniyar. Sauran bakwai ɗin da ke baya su ne masu gudu, su ne kuma yawanci ke dire ƙwallo a bayan layi a tafa musu.

Rabuwar 1895

Tun farkonsa wasan nan rigimar albashi ce ta haife shi. A ƙarshen ƙarni na 19, mahaƙa kwal da ma'aikatan masaƙu na arewacin Ingila sun mamaye ƙungiyoyin zari-ruga na yankinsu. Ana wasa ranar Asabar, ita kuwa Asabar ranar aiki ce, don haka duk wanda ya je wasa ya yi asarar ladan yini. Ƙungiyoyin arewa suka nemi a ba su izinin biyan ɗan wasa diyyar lokacin da ya rasa. Hukumar wasan, wadda 'ya'yan masu hali da suka yi makarantun kuɗi ke riƙe da ita, ta ce wasa don nishaɗi ake yi, kuɗi ƙazanta ne a cikinsa. A taron da aka yi a Landan a watan Satumban 1893 aka kayar da buƙatar da ƙuri'a 282 a kan 136. A cikin wannan wata ne sojoji suka buɗe wuta a kan mahaƙa kwal masu yajin aiki a garin Featherstone suka kashe mutum biyu, abin da ke nuna irin yanayin da ake ciki tsakanin masu dukiya da masu ƙwadago.

Ranar 29 ga Agustan 1895 wakilan ƙungiyoyin arewa suka taru a otal ɗin George da ke Huddersfield, ƙungiyoyi 22 suka ɓalle, suka amince a riƙa biyan sule shida a madadin ladan yini. A 1906 aka rage 'yan wasa zuwa 13. A Ostireliya ma raunin wani ɗan sahun gaba, Alec Burdon, wanda ya ji ciwo a 1907 ya zauna ba aiki ba diyya, yana cikin abubuwan da suka tunzura 'yan wasan Sydney suka kafa tasu gasar a 1908. Tsohuwar hukumar ta kafa doka cewa duk wanda ya taɓa buga wasan 'yan 13 an haramta masa nasu har abada, kuma ba ta yarda da biyan 'yan wasa a fili ba sai a 1995, shekara ɗari cif bayan rabuwar. A Faransa abin ya wuce haka: a watan Disamban 1941 gwamnatin Vichy, wadda ke haɗa kai da 'yan Nazi, ta rushe hukumar wasan 'yan 13 da doka ta kuma ƙwace kadarorinta.

Dokokin da suka ƙera irin waɗannan mutane

Abu uku ne suka sa sahun gaba na shekarun 1950 da 1960 ya zama wurin da sai mai ƙashi.

Na farko, babu iyaka ga yawan kayarwa. Ƙungiya tana iya riƙe ƙwallo muddin ba ta yi kuskure ba, ko sau nawa aka kayar da 'yan wasanta. Dabarar da ta fi biya ita ce a miƙa wa ƙato ƙwallo ya tsuguna kai ya ci taku biyu ko uku, a kayar da shi, ya tashi, a miƙa wa na kusa da shi, a yi ta haka har abokan hamayya su gaji. A filayen hunturu na Ingila, inda ciyawa ke komawa taɓo, ana iya shafe minti goma ƙwallo bai bar hannun mutum shidan nan ba. Ƙungiyar St George ta Sydney ta ƙware a wannan salo har ta ci gasa sau 11 a jere, daga 1956 zuwa 1966. Sai a ƙarshen 1966 Ingila ta kawo dokar kayarwa huɗu, Ostireliya ta bi a 1967, kuma a wannan shekarar ce mulkin St George ya ƙare. Daga baya aka mai da shi kayarwa shida, wanda ake bi har yau.

Na biyu, turereniyar gaske ake yi, kuma sau da yawa a wasa ɗaya. Kawuna na haɗuwa da ƙarfi, alƙalin wasa ba ya ganin abin da ke faruwa a ciki, babu kyamarar da za ta maimaita. Naushi daga sahu na biyu, karo da goshi, da taka ƙafa duk a nan ake yinsu. Mai lamba 9, wanda hannuwansa biyu ke ɗaure a kafaɗun ginshiƙai, ba shi da abin kare fuska.

Na uku shi ne rashin canji. A Birtaniya sai a 1964 aka fara yarda a maye gurbin wanda ya ji rauni, shi ma da farko kafin hutun rabin lokaci kawai.

A kan waɗannan sai a ɗora batun kuɗi, wanda masu ba da labarin jarumtaka sukan tsallake. 'Yan wasan nan ba cikakkun ƙwararru ba ne irin na yau. Mutum yana da aikinsa na mako, a ramin kwal ko tashar jirgin ruwa ko wurin gini, ya yi atisaye da yamma sau biyu a mako, ya buga wasa a ƙarshensa. A Ingila biyan ya danganta da sakamako: ladan nasara daban, ladan faɗuwa ɗan kaɗan, wanda bai buga ba kuwa ba shi da komai. Wanda ya bar fili saboda ciwo ya jefa ladan abokansa 12 cikin haɗari, kuma da su zai haɗu a bakin rami ranar Litinin. A garuruwan Yorkshire akan yi raha cewa ƙungiyar da ke neman ginshiƙi ba sai ta wahala ba, ta je bakin ramin kwal ta ƙwala kira. Jama'a kuwa na zuwa kallo: mutum 102,569 aka ƙirga a filin Odsal na Bradford a 1954, a wasan ƙarshe da aka maimaita tsakanin Warrington da Halifax.

Sunayen da ake tunawa

Tun kafin Prescott akwai Douglas Clark na Huddersfield, ɗan mai sayar da kwal daga Cumberland kuma zakaran kokawa. A Sydney a watan Yulin 1914 ya shiga wasa da Ostireliya, ya karye a babban yatsa, ya ci gaba, sannan kafaɗarsa ta goce. Birtaniya ta koma mutum 10 amma ta ci 14 da 6. 'Yan jarida suka raɗa wa wasan sunan Rorke's Drift, wurin da sojojin Birtaniya suka yi artabu da mayaƙan Zulu a 1879. Mai karatu ɗan Afirka zai lura cewa ma'aikatan da masu mulkin ƙasarsu ke raina wa wayo a gida, da suka yi abin yabo, da harshen yaƙin mulkin mallaka aka yabe su. Clark ya tafi Yaƙin Duniya na Ɗaya, ya samu munanan raunuka a 1917, ya dawo ya ci gaba da wasa.

A tawagar Brisbane ta 1958, kusa da Prescott akwai Brian McTigue na Wigan, tsohon ɗan dambe wanda abokan zamaninsa suka fi tunawa da iya miƙa ƙwallo a daidai lokacin da mutum biyu ko uku ke rataye a jikinsa. Shi aka zaɓa gwarzon wasan ƙarshe na Challenge Cup a Wembley a 1959. Akwai kuma Vince Karalius, ɗan garin Widnes mai jinin Lithuania, wanda sana'arsa ita ce gwangwan, wato tsofaffin ƙarafa. 'Yan jaridar Ostireliya sun yi masa laƙabi da bijimin daji saboda yadda yake rungumar mutum ya matse shi kafin ya kayar. Da Bolton ya fita a Brisbane, Karalius ne ya bar sahun gaba ya riƙe gurbinsa duk da shi ma bayansa ya bugu.

A ɓangaren Ostireliya, Norm Provan na St George, dogo mai kusan santimita 193, ya buga wasan ƙarshe 10 daga cikin 11 da ƙungiyarsa ta ci. Bayan wasan ƙarshe na 1963, wanda aka yi cikin taɓo har ba a gane rigar kowa, mai ɗaukar hoto John O'Gready ya kama shi rungume da Arthur Summons, ɗan ƙaramin kyaftin ɗin Western Suburbs da suka kayar 8 da 3. Daga wannan hoto aka ƙera kofin da zakarun gasar Ostireliya ke ɗagawa har yanzu.

Labarin John Sattler ya ɗan sha bamban, kuma shi ya sa ya cancanci a tsaya a kansa. Sattler ginshiƙi ne kuma kyaftin ɗin South Sydney, ƙungiyar unguwannin talakawa na birnin. A farkon wasan ƙarshe na 1970, John Bucknall na Manly ya kai masa duka ba tare da ƙwallo na hannunsa ba, muƙamuƙinsa ya karye. A lokacin an riga an yarda da canjin mai rauni, wato ƙofar da aka rufe wa Prescott a buɗe take gare shi. Duk da haka ya roƙi wani abokin wasansa ya tallafe shi don kada abokan hamayya su gane ya ji ciwo, a hutun rabin lokaci aka nemi ya zauna ya ƙi, ya ƙarasa wasan, South Sydney ta ci 23 da 12, ya karɓi kofi kafin a kai shi asibiti. Dokar da ta tilasta juriya ta kau, amma ɗabi'ar da ta shuka ta riga ta zama ma'aunin da ake auna namiji da shi a wasan.

Shekarar 1970 ita ce kuma ta ƙarshe da Birtaniya ta doke Ostireliya a jerin wasannin kofin da suke kira Ashes. Sahun gabanta ya haɗa da Cliff Watson, wanda ya shigo wasan bayan ya amsa tallar neman ƙarti da ƙungiyar St Helens ta buga a jarida, da matashi Malcolm Reilly na Castleford. Ƙungiyoyin Sydney suka saye su duka biyu, suka kuma fuskanci juna a wasan ƙarshe na 1973, Reilly a Manly, Watson a Cronulla. Manly ta ci 10 da 7 a wasan da har yau ake lissafa shi cikin mafi muni wajen doke-doke.

Baƙar fata a sahun gaba

Da yake wasa ne da ke neman mai iyawa ko daga ina ya fito, zari-rugan 'yan 13 ya buɗe wa baƙar fata ƙofa tun da wuri, ko da yake hakan bai hana su shan zagi daga 'yan kallo ba. Cec Thompson, wanda mahaifinsa ɗan Trinidad ne kuma ya rasu kafin a haife shi a 1926, ya tashi a gidajen marayu, ya bar makaranta da kyar yake iya rubutu. Ya shiga Hunslet a sahu na biyu, a 1951 ya buga wa Birtaniya wasa biyu da New Zealand. Ƙwallon ƙafa na Ingila bai sa baƙar fata a babbar tawagarsa ba sai a 1978. Bayan ya koma Workington Town, Thompson ya riƙa wankin tagogi yana karatu da kansa, har ya samu digiri a fannin tattalin arziki a Jami'ar Leeds, ya zama malamin makaranta, yana kuma cikin waɗanda suka kafa wasan a jami'o'in Birtaniya.

A Ostireliya sunan da ya fi kowane girma shi ne Arthur Beetson, ɗan asalin ƙasar daga garin Roma na Queensland. Ya fara sa rigar Ostireliya a 1966, shekara guda kafin ƙuri'ar raba gardama ta 1967 da ta soke sashen tsarin mulkin da ya hana a lissafa 'yan asalin ƙasar cikin adadin jama'a. A 1973, a karawa da Faransa, ya zama ɗan asalin ƙasar na farko da ya jagoranci tawagar Ostireliya a wani babban wasa. Ƙato ne mai taushin hannu, wanda ya nuna ginshiƙi ma yana iya tsara wasa, ya kuma kai Eastern Suburbs ga kofi a 1974 da 1975. A ranar 8 ga Yulin 1980, yana da shekara 35, ya jagoranci Queensland a wasan farko na State of Origin, inda kowa ke buga wa jiharsa ta asali. Mutane na shakkar ko abokan ƙungiya ɗaya za su kara da gaske. Beetson ya kai wa Mick Cronin, abokin wasansa a Parramatta, duka a gaban jama'ar Brisbane, Queensland ta ci 20 da 10, shakkar ta kau. Har yau da wannan duka ake fara ba da tarihin gasar.

Wanda ya nuna tauri a kotu

Akwai ɗan sahun gaba da ba a cika sa shi a jerin jarumai ba alhali ya fi yawancinsu asara. Dennis Tutty na ƙungiyar Balmain ya buga wa Ostireliya a 1967. A tsarin lokacin, ko kwantiragin ɗan wasa ya ƙare, ƙungiyarsa na da ikon riƙe shi: ba zai koma wata ba sai ta yarda, kuma ita ke yanka kuɗin. Tutty ya nemi a sake shi, Balmain ta ƙi. Sai ya daina wasa a 1969, yana aikin ƙarfi don ya ci abinci, ya kai hukumar wasan ƙara. Yana zaune a gefe Balmain ta ci kofin 1969. A watan Disamban 1971 Babbar Kotun Ostireliya ta yanke hukunci cewa tsarin tauye haƙƙin neman abinci ne ba bisa hujja ba. Wannan ya riga hukuncin Bosman, wanda ya 'yantar da 'yan ƙwallon ƙafa na Turai a 1995, da shekara 24. Tutty ya dawo fili bayan shekarunsa mafi kyau sun wuce, waɗanda suka zo bayansa ne suka ci moriyar. A yau ƙungiyar 'yan wasan Ostireliya na ba da lambar yabo da sunansa.

Inda jarumtaka ta koma ta'asa

Ba duk abin da ake tunawa da murmushi ne ya cancanci murmushi ba. Jim Mills, ginshiƙin Widnes ɗan Wales, an kore shi daga fili har sau 20 a rayuwarsa ta wasa. A Swansea a 1975 ya taka kan John Greengrass na New Zealand bayan mutumin ya riga ya dire ƙwallo yana kwance, hukumar New Zealand ta haramta masa wasa a ƙasarta. A 1983 Les Boyd ya karya muƙamuƙin Darryl Brohman da gwiwar hannu a wasan State of Origin, aka dakatar da shi wata 12, da ya dawo aka ƙara masa wata 15 saboda tsokane ido. Waɗannan hukunce-hukunce masu tsauri sun zo ne a ƙarƙashin lauya Jim Comans, wanda hukumar Sydney ta ɗora a kan kwamitin ladabtarwa a farkon shekarun 1980, lokacin da talabijin ta fara nuna wa iyaye abin da ake yi a fili ana maimaitawa a hankali. Brohman ya kai ƙara, aka sasanta a wajen kotu. Steve Rogers, wanda Mark Bugden ya karya wa muƙamuƙi a 1985, ya bi tasa ƙarar har ƙarshe, kotu ta ɗora alhaki a kan Bugden da kuma ƙungiyarsa ta Canterbury. Daga nan masu ƙungiyoyi suka gane cewa dukan da suke zuga yaransu su yi yana iya taɓa aljihunsu.

A Ingila kuwa, duniyar da ke samar da irin waɗannan mutane ce ta rushe. A 1983 Featherstone Rovers, ƙungiyar garin da bai fi mutum 15,000 ba, ta doke Hull mai tarin taurari 14 da 12 a Wembley, ɗan sahunta na biyu David Hobbs ya dire ƙwallo sau biyu. Shekara guda bayan haka aka shiga yajin aikin mahaƙa kwal na 1984 zuwa 1985, gwamnatin Margaret Thatcher ta yi galaba, aka bi ramukan ana rufewa ɗaya bayan ɗaya. Na ƙarshe mai zurfi, Kellingley, an rufe shi a Disamban 2015. A 1996, da fam miliyan 87 na kamfanin Rupert Murdoch, aka kafa Super League, wasan ya koma bazara, 'yan wasa suka zama cikakkun ƙwararru. Turereniya ta zama al'ada kawai, ba a ƙara fafata neman ƙwallo a cikinta, ginshiƙi na yau kuma yakan buga wani ɓangare na wasa a canza shi ya huta ya dawo. An haramta bangaza da kafaɗa daga kakar 2013, kuma a wannan shekarar, bayan Paul Gallen ya naushi Nate Myles a gaban miliyoyin masu kallo, aka ce duk wanda ya kai naushi zai fita na minti goma.

Lissafin da ya zo daga baya

A 2019 masu bincike a Sydney suka bayyana cewa sun samu cutar lalacewar ƙwaƙwalwa da ake kira CTE, wadda ake dangantawa da yawan buguwar kai, a ƙwaƙwalwar tsofaffin 'yan wasa biyu da suka rasu. Iyalan Steve Folkes, ɗan sahu na biyu na Canterbury wanda ya rasu a 2018, suka fito suka ce yana ɗaya daga cikinsu. Mario Fenech, mai lamba 9 na South Sydney a shekarun 1980, yana fama da cutar mantuwa tun bai tsufa ba. John Sattler ya rasu a watan Maris na 2023 yana da shekara 80, bayan shekaru yana fama da ita. A Ingila, tun 2021 wasu tsofaffin 'yan wasa suka fara shirin shari'a da hukumar wasan, suna zarginta da sakaci wajen kare su daga raunin kai. Cutar mantuwa tana kama wanda bai taɓa shiga fili ba, kuma ba a tabbatar da CTE sai bayan mutuwa, don haka ba kowane tsohon ɗan wasa da ya rikice za a ce wasa ne ya jawo masa ba. Amma yawan waɗanda abin ya shafa ya sa hukumomin biyu suka wajabta fitar da duk wanda kansa ya bugu a duba shi, abin da a zamanin Sattler da an ɗauke shi ragwanci.

Karramawar hukuma ma ta yi jinkiri. Wasan ya shekara 130 ba a ba ko ɗaya daga cikin 'yan wasansa sarautar Sir saboda shi ba, sai a watan Yunin 2025 da aka ba Billy Boston, baƙar fata ɗan Cardiff da ya yi suna a Wigan, yana da shekara 90 kuma yana fama da cutar mantuwa. A Brisbane akwai mutum-mutumin Beetson a bakin filin da ya jagoranci Queensland. A Wembley kuwa, mutum-mutumin da aka kafa wa wasan a 2015 yana ɗauke da mutum biyar: Boston, da Eric Ashton, da Alex Murphy, da Gus Risman, da Martin Offiah wanda iyayensa 'yan Najeriya ne. Dukkansu 'yan sahun baya ne.